Haƙora Uku da Idon Dama

Litinin, 21 ga Yuli, 2008, bayan La'asar

Haƙorin ya sake tashi. Na ƙasa ne, can ciki, ta hagu. Tun Asabar nake tauna kanumfari, yau ko ruwa bai yarda ya taɓa shi ba. Duk da haka na je kasuwar yadi ta Guangyuan, domin shaddar Hajiya Fasuma ta iso, bandir ɗari uku da take so su riski cinikin Sallah a kasuwar Kwari ta Kano. Na duba, na sa hannu. Lawban, wato mai shagon, sai murmushi yake yana miƙo min shayin da ba zan iya sha ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba atamfa a masaƙa a Bompai kafin a sallame mu da sunan ritaya. Yanzu shekara huɗu ke nan ina nan Guangzhou ina duba wa 'yan kasuwar Kano yadin da ya kashe masaƙar tamu. Zane mai aibu bai taɓa wucewa ta hannuna ba.

Shagunan nan sun rage hasken fitilunsu. Ina jin tsimin wuta suke yi saboda wasannin Olamfik.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Na haɗu da Tankari a matakala. Mutumin Maraɗi ne, ɗakinsa na kallon nawa a gidan hayarmu na Dengfeng, kuma a sitonsa ake ɗaure kayan da nake turawa. Ya tsaya yana kallon kumatuna.

"Malam Shitu, mi ya same ka? Ƙwallon wasan nasu ka haɗiye?"

Na ce haƙori ne, kuma kada ya damu, ina da inshora. Na ciro katin na nuna masa. Duk Satumba ana cire naira dubu arba'in da biyu daga fanshona saboda katin nan. Ranar da aka sallame mu wani mai kwat ya tara mu a harabar masaƙa, ya ce ido da haƙori su ne ke fara juya wa dattijo baya, to su sun ɗauke mana wannan nauyin. Mu wajen sittin muka sa hannu a tsaye.

Tankari ya juya katin gaba da baya. Ya ce, "Asiranse ɗin taku ta san hanyar Sin kuwa?"

Alhamis, 24 ga Yuli, da Azahar

Likitan haƙori ya ce ba ɗaya ba ne, uku ne, kuma akwai mugunya a ƙarƙashin dasashi. Tankari ne ya yi tafinta. Ko a kashe jijiyarsu a yi musu hula, kwai dubu shida, wato kuɗin Sin, ko a cire su, kwai ɗari tara. Ya tambaya ko ina da ciwon suga. Na ce kaɗan. Ya auna, ya nuna wa Tankari lambar, ni bai nuna min ba. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce sai kumburin ya sauka.

Na shiga shagon waya na kira autata Rukayya, na ce ta je ofishin inshorar ta ji yadda za a yi. Na ce kada ta tayar wa mamanta da hankali.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Na kira gida. Matata Raliya ta tambayi abin da ya sami muryata. Na ce mura ce. Shekara talatin da takwas da aure, ta ce Allah ya sawwaƙe, ba ta ƙara komai ba.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan La'asar

Rukayya ta je.

"Baba, sun ce na haƙori naira dubu goma sha biyu ne iyaka a shekara. Cikewa da cirewa kawai. Hula ba ta ciki, wai ado ce."

"Ado? A turmin da ba mai gani?"

"Haka matar ta ce. Kuma tunda a waje kake, sai ka biya da kanka, ka kawo rasit, a fassara shi, a buga masa hatimi, sannan su duba. Ta ce duk yana shafi na goma sha huɗu."

Na dawo ɗaki na ɗauko ɗan littafin nasu daga ƙasan akwati. Na sa tabarau, na ƙara da madubin da nake ƙirga zare da shi, na tsaya bakin taga. Rubutun ƙanana ne ƙwarai. Da gangan suke yin haka.

Laraba, 30 ga Yuli, da Magariba

Ba na son rubuta na yau.

Tankari ya kira ni sito. Ya kwance ɗaurin Hajiya Fasuma, abin da bai taɓa yi ba. Ya warware bandir guda a kan tebur, ya ce in duba. Na ce lafiya lau yake. Ya kama kafaɗata ya juya ni. Farin layi ne siriri, tun daga farkon yadin har ƙarshensa, a gefen hagu. Ya ce ya ƙirga saba'in haka. Wasu kuma ruwan tokar ya ja zuwa shuɗi.

Na ce hasken shagon ne ba shi da kyau. Na ce ciwon haƙori ne ya ɗauke min hankali. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, "Malam, tun ɗazu nike miƙo maka ruwa."

Yana tsaye a haguna, robar ruwan tana kusa da kunnena.

Alhamis, 31 ga Yuli, da rana

Na koma wurin lawban. Ya ɗauko takardar ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. "Meyo," in ji shi. Babu. Yau bai kawo shayi ba. Ina jin ya daɗe da lura da gefen da ba na juyawa.

Asabar, 2 ga Agusta

Na yi karo da ƙofar banɗaki. Ƙofar ce a buɗe. Ban gaya wa Raliya ba.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Tankari ya rufe sito ya kai ni asibitin ido a Tianhe. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ya riƙe min hannun riga, na fizge.

Likitar mace ce, ba ta kai Rukayya jiki ba, tana jin Turanci. Ta sa na kifa fuska a wata na'ura, ta ba ni maɓalli, ta ce duk sanda na ga ɗigon haske in danna. Da na dama na yi ta dannawa. Da aka koma na hagu na zauna ina jira su kunna. Na ce mata na'urar ba ta fara ba. Ta ce ai har ta gama.

Ta yi bayani a hankali. Ruwan cikin idon ne ba ya fita, ƙarfinsa ya hau ya danne jijiya, shekara da shekaru, ba zafi ba ƙaiƙayi. Game da na hagu ta faɗi magana guda, ba zan rubuta ta ba. Na dama ta ce an fara cin gefensa, amma ana iya tsayar da abin. Maganin ɗigawa daga yau, sannan aiki cikin 'yan makonni, kada ya kai watanni. Kwai dubu goma sha ɗaya. Sai dai ba za ta taɓa idon ba muddin akwai mugunya a bakina kuma suga na sama.

Ta tambaye ni yaushe rabon da a auna min ƙarfin ido. Na ce duk shekara ina zuwa gwajin da inshora ke biya. Ta ce me suke yi a gwajin? Na ce ina karanta haruffa a jikin bango. Ta ce sai kuma me? Na ce shi ke nan.

Ta rubuta wani abu ta daɗe ba ta ɗago ba.

Talata, 5 ga Agusta, da Asuba

Ɗigo ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Na farko a kumatu ya sauka.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Jiya Rukayya ta wuni a ofishin inshora. Dole na gaya mata wani abu, sai na ce ƙaramin aiki ne.

Teburin ido suka ce su gwaji da tabarau kawai suke biya, naira dubu takwas duk shekara biyu. Wannan ciwo ne, ta je teburin rashin lafiya. Teburin rashin lafiya suka ce duk abin da ya shafi ido na teburin ido ne. Ta koma. Aka haɗa ta da manaja. Ya buɗe fayil ɗina ya ce tun da na shiga ina da suga, to duk abin da suga zai iya jawowa ba ya ciki. Ta ce likita ba ta ce suga ne ya jawo ba. Ya ce ba ta ce ba shi ba ne.

Rukayya ta ce, "Na ce masa to idan ka dawo gida fa? Ya ce ko a Kano ne, tiyatar ido ba ta cikin tsarin 'yan fansho. Tana cikin na ma'aikata masu ci." Sannan ta tambaya, "Baba, wane irin ƙaramin aiki ne wannan?"

Na ce kuɗin wayata ya kusa ƙarewa.

Wato sun ajiye aikin ido ga masu shekara talatin, mu kuma suka ba mu tabarau.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan Isha'i

An buɗe wasannin. Kowa ya taru a gidan abincin Balkissa, matar Tankari, ana kallon talabijin. Kafin a fara 'yan sanda biyu suka shigo duba fasfo. Mutum uku suka sulale ta kicin. Tun watan jiya haka ake, ba a sabunta wa kowa biza, rabin gidanmu ya watse. Tawa tana da sauran kwana goma sha takwas. Ɗan sandan ya nuna min ranar da biro, kamar ban sani ba.

Da aka fara wasan wuta mutane suna ta cewa kai, kai, dubi can. Ni ma na ce kai.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan La'asar

Na kira Hajiya Fasuma. Kwana goma sha ɗaya ina shirya maganar, da ta ɗauka duk ta zube. Na ce bandir saba'in sun lalace, kuma ni na sa hannu.

"Cutar ka suka yi, Malam?"

Da na ce e, da ta yarda. Ta san halinsu.

Na ce, "Sun cuce ni, Hajiya, amma don sun ga ba na gani ne."

Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina. Yaran shagonta na jiyo suna ciniki a bayanta.

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Ya kai shekara, ina jin."

"Shekara. Kana ɗaukar amanar mutane." Ba ta ɗaga murya ba. "Da ka faɗa min, da na haɗa ka da wani ku riƙa zuwa tare. Ni ba idonka kaɗai nake biya ba, hannunka ya san yadi. Amma yanzu in an tambaye ni a Kwari me zan ce?"

Ta ce a turo kayan haka, za ta karya farashin masu layin. Ba ta nemi in biya ba. Ta ce Allah ya ba ni lafiya. Odar Babbar Sallah kuma za ta ba wani.

Ta yi daidai. Ni ma da na kori mai dubawa irina.

Talata, 12 ga Agusta, da Azahar

An cire. Duka ukun.

Likitan ya ce biyu za su gyaru, cire su asara ce. Na ce gyara mako nawa? Ya ce huɗu ko biyar. Cirewa fa? Ya ce mako biyu ya warke. Na ce ya cire. Na uku ya karye, sai da ya tono shi gutsure-gutsure. Tankari ya fita waje.

Na karɓi rasit. Duk da rubutun Sin ne. Na ninke shi na sa cikin ɗan littafin, a shafi na goma sha huɗu.

Laraba, 13 ga Agusta

Jini. Kunun Balkissa, ba sukari. Ban kira gida ba, ba a jin maganata.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Tankari ya shigo ya ajiye ambulan a kan katifa. Ashe bayan an sallame ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa mutane bayanina. Da sunana. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Yamai, har da wasu 'yan Kumasi da ban taɓa gaisawa da su ba.

Na ce wa ya sa shi? Na ce ni ba mabaraci ba ne, ina da fansho, ina da inshora. Ni kaina na ji abin da na faɗa.

Ya ce, "Ka gama? In ka gama ka tashi ka ɗiga maganinka, lokaci ya yi."

Shi ya ɗiga min. Hannunsa warin man kwantena yake.

In na haɗa da abin da ke hannuna zai isa aikin. Ban yi masa godiya ba. Gobe zan yi.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Na rufe na dama da tafin hannu don in gwada. Na daina yin haka.

Talata, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Likitar ido ta duba bakina ta ce yana warkewa, ƙarfin idon ma ya ɗan sauka da maganin, amma bai isa ba. Suga ne ya ƙi. Ta canja min ƙwaya. Ta buɗe littafinta ta ce biyu ga Satumba za a yi aikin.

Bizata ashirin da shida ga Agusta take ƙarewa.

Na roƙe ta ta matso da shi. Ta ce in ta yanka yanzu ƙwayar cuta ta shiga, wanda ya rage ɗin ma zai tafi, kuma ba za ta yi caca da shi ba. Ta rubuta min wasiƙa zuwa ofishin biza, ta buga jan hatimi har biyu.

Kwana bakwai. Na cire haƙora uku don in sayi lokaci, ya gaza da kwana bakwai.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Tun ƙarfe bakwai muke layi. Matar da ke bayan gilashi ta karanta wasiƙar har ƙarshe, wannan kam na yaba mata. Ta shiga ciki ta dawo. Ta ce yanzu ba a ƙara wa kowa, in koma ƙasata in nemo sabuwa bayan wasanni. Tankari ya yi ta magana da yarensu. Ta turo fasfon ta ƙarƙashin gilashi.

A hanya ya ce in zauna kawai. Mako guda ne. In kwanta a ɗakinsu na ciki, Balkissa ta riƙa kawo abinci, ranar aiki a ɗauke ni a tasi, daga baya a biya tara.

Na ce asibitin ba sa duba fasfo? Ya ce a nan ne sai an yi dabara.

Na tuna masa Barmo, mai sayar da wayoyi a benen da ke ƙasa da namu, da tasa ta ƙare a watan Yuni. Da aka buga ƙofa ta taga ya fita. Har yau da sanda yake tafiya, kuma yana tsare. Barmo shekararsa talatin, idonsa biyu. Ni ko tagar ba zan gani ba sai in tana dama.

Ya ce, "To ka tahi ka makance a Kano don kunyar ɗan sanda?"

Ya faɗi kalmar. Haka muka iso gida.

Asabar, 23 ga Agusta, da La'asar

Na gaya wa Rukayya komai, har da cewa gida zan dawo. Ta yi kuka, sannan ta share ta kama aiki, halin uwarta. Ashe tun jiya ta je wani asibitin ido a Kano da kanta. Suna yin irin aikin, amma layi ya kai tsakiyar Oktoba. Likitar nan ta ce makonni. Na ƙirga, bakwai ne. Ban san ko bakwai na cikin abin da take nufi ba, ban kuma koma na tambaya ba. Na sayi maganin ɗigawa na wata uku.

Na mayar wa Tankari ambulan. Ya ce mutane ba Tianhe suka ba, ido suka ba, in kai shi Kano. Ya cusa shi cikin akwatina da kansa.

Rukayya ta ce akwai wasiƙa biyu daga inshora. Ta farko, sun amince da sabon tabarau. Ta biyu, tunda zan cika sittin da biyar a Nuwamba, kuɗin shekara ya koma dubu hamsin da takwas, in sa hannu kafin ƙarshen wata.

"In ce musu me, Baba?"

Na ce ta ce musu na fasa. Sai kuma na ji tsoro ya kama ni, na zama ba ni da komai ke nan. Na ce ta dakata tukuna. Ta ce, "Baba, me suka taɓa yi maka?" Na ce ta dakata dai.

Har yanzu ban san me ya sa na ce haka ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan La'asar

Na kira Raliya. Na ce ina tafe jibi, kuma akwai maganar da ya kamata ta ji kafin ta gan ni. Na fara da haƙora. Ta ce to. Na ce sai kuma ido.

"Na hagu," in ji ta.

Na ce Rukayya ce ta faɗa mata?

"Ba wanda ya faɗa min, Malam. Zuwanka na bara, sau nawa ina ajiye maka shayi a hagu yana hucewa? Jikanka ya tsaya a gefenka da allonsa har ya gaji ya tafi. Na ce ka je asibiti, ka ce ai ka je gwajin inshora sun ce tabarau ne. Sai na koma ajiye komai a dama."

Na ce me ya sa ba ta matsa min ba?

"Kai ake matsa wa?"

Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi abin da zan iya taunawa. Na ce ba sosai ba. Ta ce za ta yi fate. Sannan ta ce ta riga ta yi magana da ƙaninta, in an sa filin Rijiyar Zaki a kasuwa ba sai an jira layin Oktoba ba, akwai masu yi da wuri. Filin gadonta ne. Na ce a'a. Ta ce ba tambayata take ba.

Mai shagon waya ya ƙwanƙwasa gilashi, akwai masu jira.

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Na ɗaure kaya. Madubin ƙirga zare na bar wa Tankari, ya ce bai iya ba, na zaunar da shi na nuna masa yadda ake ɗora shi a kan yadi, da yadda ake murza gefe tsakanin yatsu a ji inda zare ya tsallake. Ya yi sau uku bai ji ba. Na huɗu ya ji. Na yi masa godiyar da na ce zan yi.

Balkissa ta kawo kunu a gora, ta ce a filin jirgi za su ƙwace, in shanye a mota.

Tasi ta iso. Hawa biyar ne zuwa ƙasa, fitilar matakala ta mutu. Tankari yana bakin ƙofa da akwatin, ya miƙo min ɗaya hannun. Zan rufe littafin nan in kama.